Katumi da Tukunyar Gidan Baba Mendel

An haifi Katumi a Zangon Kumasi, a gidan mahauta. Mahaifinta yana da teburi a kasuwa, kuma tun tana ƙarama ita ke wanke hanji da tumbi a bayan rumfa. Aure ne ya kawo ta Landan. Daga baya mijin ya koma gida ya rasu a can, ita kuwa ta zauna. Ta yi shara a ofisoshi, ta yi wanke-wanke a wani gidan abinci a Deptford, sannan ta shiga aikin kula da tsofaffi a ƙarƙashin wani kamfani da ba ta taɓa kiransa da komai ba sai agency. Shekaru ta kwashe tana bin gida-gida a bas: ta yi wa wannan wanka, ta ba wancan magani, ta ruga tasha. A wannan yawon gwiwoyinta suka lalace. Lokacin da na san ta ta haura sittin, kuma ba ta tashi daga sujada sai ta dafa bango.

Na san ta ne a makon da ɗana Almu ya rasu. Sikila ce, yana shekarar ƙarshe a jami'a. Cikin matan masallacinmu na Edmonton da suka zo zaman makoki, ita ce ba ta zauna a falo ba. Kicin ta shige, ta yi ta wanke kwanuka har aka watse. Bayan nan mutane suka daina kirana Maman Almu, suka koma Hajiya, don kada su taɓa mini ciwo. Katumi ba ta canza ba. Kowace Lahadi, ranar hutunta, sai ta buga ƙofa ta ce, "Maman Almu, ɗora shayi, ƙafata ta mutu."

A lokacin ta samu abin da take ganin shi ne hutun tsufanta. Agency ta ba ta aikin zama a gidan wani tsoho Bayahude a Stamford Hill, Mista Mendel Tarlo, wanda take kira Baba Mendel. A da labule yake sayarwa. Matarsa ta rasu, idonsa ya yi rauni ƙwarai, 'yarsa Malka kuma tana da nata gidan da aikin koyarwa. Katumi ta samu ɗaki mai ɗumi a ƙasa, babu hawan bene, babu jiran bas cikin ruwan sama. Ta sha gaya mini cewa idan ta rasa gidan nan ta koma yawon gida-gida, ƙafafunta ba za su kai ƙarshen hunturu ba. Ba ƙari take yi ba. Na ga yadda suke kumbura.

Ta koyi dokokin kicin ɗin da kyau. Kayan nama daban, kayan madara daban, har soso da tawul kowanne da launinsa. Nama ba ya shigowa sai daga mahaucinsu. Idan za ta yi girki, Baba Mendel ne da kansa ke zuwa ya lalubi murhu ya kunna, sannan ita ta ɗora. Ba ta taɓa kuskure ba, kuma tana alfahari da hakan.

Baba Mendel yana cikin Yahudawan da ke karanta shafi ɗaya kowace rana daga manyan littattafan malamansu na dā. Duk inda suke a duniya, shafi ɗaya suke kai a wannan ranar, kuma sai an yi shekara bakwai da ɗoriya kafin a kai ƙarshe a sake komawa farko. A da yana da abokin karatu a layinsu, amma ya mutu. Yanzu a waya yake sauraron bayanin wani malami. Katumi ce ke kunna masa bayan karin kumallo, ta riƙe masa gilashin ƙara girman rubutu a kan littafin, ban da Asabar da ba ya taɓa waya, sai wani maƙwabci ya zo ya karanta masa. Ya ce karatun ba ya zama a kai sai da wanda zai yi maka musu, don haka idan malamin ya gama sai ya juya mata abin da aka ce da Turanci, ya jira ta ja da shi.

A bazarar 2018, wadda aka yi zafi har ciyawar Landan ta bushe, suka shiga babin hadaya. Wata da watanni babu maganar da ake yi sai ta yanka: wace dabba, a wane gefen bagadi, wa zai tari jinin, wa zai ci naman, zuwa yaushe.

"Baba, wannan ɗakin ibadar da ake yankan, ina yake?" ta tambaye shi.

"An rushe shi. Kusan shekara dubu biyu ke nan."

"To wa ke yankan yanzu?"

"Babu kowa."

"Kai ka taɓa ganin an yanka rago?"

"Kaza ma a leda na san ta."

"To me ya sa kake ƙarasa ɗan idon da ya rage maka?"

Ya ce mata, "Misis Katumi, a gidanku na Kumasi, ina randar ruwa take?"

"Bayan ƙofa, hannun hagu."

"Gidan yana nan?"

"An sayar. Sun yi shaguna."

"To," in ji shi, ya ce ta juya shafi.

Wannan babin ya yi mata daɗi fiye da duk waɗanda suka wuce, don ta san dabba ciki da waje. Idan aka zo maganar kitsen da ke kan ƙoda, sai ta zana masa da yatsa a tafin hannunsa, ya yi ta murna kamar an ba shi kyauta. Wani lokaci kuma ta yi musun da ba shi da tushe, ya ƙyale ta ta gaji.

Ranar Lahadi takan kawo mini abin da ta tsinto. A lokacin ba na zuwa ko'ina sai wurin aiki, kuma ba na son wa'azi daga bakin kowa. Nata ba wa'azi ba ne, shi ya sa nake iya ji.

"Maman Almu, kin san abin da suka ce? Wai idan mai yanka ya sa wuƙa daidai, ya tari jini daidai, amma a zuciyarsa yana shirin cin naman bayan lokacinsa ya wuce, hadayar ta ɓaci. Baba ya ce ma'anarsa kada ka yi aikin yau zuciyarka tana jibi." Ta kurɓi shayi. "Na ce masa, to ni shekara nawa ina wanke tsofaffi zuciyata tana tashar bas? Ashe duk wankan nan ɓatacce ne."

"Me ya ce?"

"Ya ce tsofaffin dai sun fita tas, a bar shi a haka."

Wata Lahadin kuma toka ta kawo. Wai aikin farko da limaminsu ke yi da sassafe, kafin kowace hadaya, shi ne kwashe tokar jiya daga kan bagadi, kuma da tufafin ibada yake yinsa. Baba Mendel ya gaya mata haka ne lokacin da ta fito daga ɗakinsa da fon fitsarinsa a hannu. "Na ce, Baba, kar ka yi mini daɗin baki, fitsari fitsari ne. Amma tun ranar, wallahi, na daina ɓata fuska."

Babbar Sallah ta zo a ƙarshen watan Agusta, ta farko babu Almu. Maigidana ya yi booking ɗin rago a wurin wani mahauci Baturke a Edmonton kamar yadda muka saba, naman ya iso washegari a ledoji. Kowace shekara Almu ne ke loda robobi a mota ya zaga gidajen mutane. Na tsaya a kicin ina kallon ledojin, na kasa kwance ko ɗaya. Katumi ta nemi izinin yini, ta zo ta ɗaura zani, ta soya naman duka cikin wannan zafi, gumi yana bin wuyanta. Ta kasa shi a robobi ta bi layinmu tana ɗingishi, Musulmi da Kirista da waɗanda ba mu san addininsu ba, kowace ƙofa ta ce sadakar Almu ce. Roba ɗaya ta rage, ta sa a jakarta.

Daga baya ta bayyana mini lissafin da ta yi, kuma ban iya cewa na banza ba ne. Ta san naman waje ba ya shiga gidan. Amma a ganinta dokar ta naman kasuwa ce, wanda ba a san wanda ya yanka ba. Wannan kuwa rago ne mara aibi, an ambaci sunan Allah a kansa, an yanka shi ne don tuna Annabi Ibrahim, wanda Baba Mendel ke kira kakansa. Ga mutum ya kwashe watanni yana karatun naman hadaya, yana ƙishin abin da bai taɓa ji a harshensa ba. Ita kuma ga shi a jakarta. A Zango, wanda ya hana maƙwabcinsa naman layya ya yi abin kunya.

Don girmama naman sai ta ɗauko tukunya mafi kyau a ɓangaren nama, wata ta tangaran mai ruwan ƙasa da murfi mai nauyi. Baba Mendel ya zo ya kunna murhu kamar kullum, bai ga abin da ke ciki ba. Yana zaune a teburi ƙamshin ya kai masa.

"Misis Katumi, wannan ba naman mahaucinmu ba ne."

"Ya fi nasa, Baba. Hadaya ce ta gaske."

Ta ba shi labari tana murmushi. Ya saurara har ƙarshe. Bai taɓa naman ba. Ya gode mata, ta ce sau biyu ya gode mata, sannan ya tambaya a wace tukunya ta ɗumama. Da ta faɗa sai ya ce ta kira masa Malka. Tukunyar matarsa ce. Idinsu na sabuwar shekara saura 'yan makonni, kuma a cikinta Malka ke dafa abincin da mahaifiyarta ta saba dafawa. Ba zai iya barinta ta dafa ba ta sani ba.

Malka ta ce za ta zo ranar Lahadi a yi magana, kuma ta riga ta tambayi agency ko suna da wata mai kula da za ta maye gurbin Katumi. Katumi ta kira ni.

"Maman Almu, ki raka ni. Turancinki na jami'a ne, nawa na cikin bas ne. Idan na buɗe baki zan ƙara ɓata abin."

Na hau jirgin ƙasa na Overground daga Edmonton Green. Gidan ƙarami ne, littattafai sun cinye bango guda. Baba Mendel ɗan siriri ne, da baƙar hula ƙarama a tsakiyar kai, yana juya fuska wajen duk wanda ke magana. Malka za ta yi hamsin, kanta a rufe, jakar aikin makaranta a ƙafarta. Idonta irin na wanda bai yi barci sosai ba, na gane shi da gani. Tukunyar tana tsakiyar teburi a kan jarida.

Malka ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa Katumi, "Kin san dokar gidan nan fiye da 'ya'yana. Mahaifina ba ya gani. Duk abin da ya sa a bakinsa, da amanarki ya sa. Idan kin yanke wannan hukuncin ke kaɗai, ta yaya zan san sauran?"

"Ban ɓoye ba," in ji Katumi. "Da bakina na faɗa."

"Bayan kin ɗora."

"Bayan na ɗora."

Na tambaya ko babu hanyar tsarkake tukunyar. Baba Mendel ya gyara zama, da alama tambayar ta yi masa daɗi duk da halin da ake ciki.

"Mun karanta wannan watan jiya. Misis Katumi, kin tuna? Tukunyar da aka dafa naman hadaya a ciki."

"Ta ƙarfe a goge a ɗauraye, ta ƙasa a fasa," in ji ta, kanta a sunkuye. "Na ɗauka na limamanku ne na zamanin dā."

"Wancan nasu ne, amma dalilin ɗaya ne har yau. Ƙarfe yana sakin abin da ya sha idan ya ji wuta da ruwa. Yumɓu kuwa ya sha ya sha ke nan. Tangaran yumɓu ne." Ya juyo wajen 'yarsa. "Abin tambaya, Malka, shi ne ko mutum..."

"Baba, kar ka fara. Ba darasi na zo ji ba," in ji Malka.

"Ni ma ba tukunya ba ce, Baba," in ji Katumi.

Ya ɗaga hannu biyu, ya sallama. Can kuma ya ce wa Malka, "Mamarki ma ba ta son tukunyar nan. Kullum cewa take za ta karya mata hannu."

"Amma a cikinta ta dafa maka har ta mutu."

Malka ta sa yatsa tana bin wani ɗan tsagi a bakin murfin.

Na zo da jawabi da na shirya a jirgi, game da shekarun Katumi da gwiwoyinta da yadda samun irinta ke da wuya. Ban yi shi ba. Na ce kawai naman daga gidana ya fito, na ragon Sallarmu ne, kuma Katumi ta raba shi ne sadaka ga ɗana da ya rasu a farkon shekara, don ni na kasa.

Malka ta dube ni. Ta tambayi sunansa, na faɗa. Ta maimaita shi daidai, ta ce Allah ya sa tuna shi ya zama albarka, wadda na fahimci ita ce ta'aziyyarsu. Sannan ta ce, "Amma wannan bai gyara tukunyar ba."

"Na sani," na ce.

Malka ta tashi ta tsaya a bakin taga, ta ba mu baya. Katumi tana murza gwiwarta a ƙarƙashin teburi. Baba Mendel ya yi magana a hankali, wannan karon ba da muryar karatu ba.

"Idan kin kawo wata, za ta wanke ni, za ta ba ni magani. Ba za ta ce mini na yi kuskure a kan ƙodar rago ba. Saura shekara ɗaya da 'yan watanni in sauke karatun nan, Malka. Ba na jin zan ga wani zagayen. Ba na so in ƙarasa shi ni kaɗai."

Ta daɗe a tsaye. Da ta juyo sai ta faɗi hukuncinta ba tare da ta zauna ba. Katumi za ta ci gaba da zama, da ɗakinta, da karatun safe. Amma ta gama girki a gidan. Malka ce za ta riƙa dafo abincin mahaifinta daga gidanta, a rufe, Katumi ta ɗumama kawai a cikin abin da aka kawo shi. Nata abincin kuma ta ci a ɗakinta, da nata kwanukan.

"Ke da makaranta da yara, yaushe za ki dafa na gida biyu?" in ji Baba Mendel.

"Ban sani ba," ta ce. "Zan dafa."

Ta naɗe tukunyar a tsohon tawul, ta rungume ta zuwa mota. Ba ta faɗi abin da za ta yi da ita ba, ba wanda ya tambaya.

Katumi ta raka ni tasha. Tafiyar ba nisa, amma sai da muka tsaya a hanya ta huta. A kan bencin jiran jirgi ta cire takalmi ɗaya ta miƙe ƙafa.

"Kin ga 'yar mahauci," ta ce. "Tun ban kai murhu tsawo ba nake girki. Yau an mai da ni mai danna microwave."

"Ɗakin dai yana nan."

"Ɗakin yana nan, alhamdu lillahi. Matar nan ta yi mini adalci. Da ni ce aka ɓata wa tukunyar uwata, da ban san abin da zai fito daga bakina ba." Ta murza ƙafar. "Ita nake ji. Za ta gaji, kuma ni na jawo mata."

Ta zauna a gidan har Baba Mendel ya sauke karatunsa, har ya rasu 'yan watanni bayan haka, kuma ba ta sake ɗora komai a kan murhun ba. Amma a ranar ba mu san wannan ba. Abin da ke raina ƙarami ne, kuma na ji nauyin tambayarsa.

"Katumi, naman fa? Zubarwa aka yi?"

Ta dube ni kamar na zage ta.

"Sadakar Almu zan zubar? Akwai wasu masu haƙa titi a kwanarmu, 'yan Romaniya ko ina ne, ban sani ba. Na kai musu da zafinsa. A tsaye suka cinye, da hannu. Ɗayan ya ce yaji ya yi yawa, amma shi ya suɗe robar."

Jirgina ya shigo. Ta mai da takalmin, ta dafa kafaɗata ta miƙe.

"Ki gaida Alhaji. Ni bari in koma, lokacin ɗiga masa maganin ido ya yi."